Yadda Malami Zai Yaba wa Ɗalibi Har Halin Kirki Ya Zauna a Aji

A yawancin azuzuwanmu na firamare da ƙaramar sakandare, daga Rigasa zuwa Kakuri, daga Zariya zuwa Kafanchan, idan malami zai fita sai ya bar wa monita aiki guda: ya rubuta sunayen masu surutu. Da wuya ka ji an ce ya rubuta sunayen waɗanda suka zauna suka yi aikinsu. Shi ya sa yaron da ya fi kowa fitina shi ne wanda malami ya fi sanin sunansa, ana kiransa sau goma a darasi ɗaya. Ita kuwa yarinyar da take zuwa kan lokaci, ta share aji, ta kawo aikin gida, tana iya gama zango guda ba a ambaci sunanta ba sai wajen kiran rajista.

Yara suna ankare da wannan. Duk halin da yake sa malami ya juyo ya dubi yaro, shi ne zai yawaita a aji, ko da tsawa ce juyowar ta zo da ita. Ga yaron da ba ya samun kulawa a gida, a daka masa tsawa ya fi masa a manta da shi. Saboda haka aikin da ke gaban malami shi ne ya koya wa idonsa ganin daidai kamar yadda ya saba ganin kuskure, sannan ya yi wa abin tsari, don kada ya dogara da ranar da ya tashi cikin nishaɗi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma kowa ya san akwai azuzuwa a jihar Kaduna masu yara 70, 80, har sama da 100. Abin da ke tafe an tsara shi ne da irin wannan aji a rai, da kayan da ke hannu: allo, alli, rajista, kwali da marafan kwalba.

Mataki na farko: a fayyace halin da ake so

Ba a yabon abin da ba a fayyace ba. "Ku zama yaran kirki" ba doka ba ce, don yaro ɗan shekara takwas bai san ta ina zai kama ta ba. Zaɓi dokoki uku zuwa biyar, kada su wuce haka, kuma kowace ta faɗi abin da za a yi, wanda ido zai iya gani. Misali: ɗaga hannu kafin ka yi magana, idan wani yana magana, a dube shi a saurara, kafin malami ya shigo, littafi da biro suna kan benci, hannunka da ƙafarka a wajenka, a bar aji tsaf kafin a tashi. "Ban da surutu" tana gaya wa yaro abin da zai bari ne kawai, ba ta nuna masa abin da zai kama ba.

Rubuta su da manyan baƙaƙe a kwali, da Hausa da Turanci, a liƙa kusa da allo. Sai a koyar da su kamar darasi. A makon farko na zango, ware minti biyar kowace safiya ga doka ɗaya: kira yara biyu su nuna yadda ake yi, sai duk aji su gwada. Shigowa aji bayan tara, raba littattafai, fita ban-ɗaki, duk ana gwada su a aikace sau biyu ko uku har jiki ya saba.

Amma liƙa kwali kaɗai ba ya gyara aji. Tun a 1968 masu bincike uku a Amurka, Madsen da Becker da Thomas, suka gwada wannan a azuzuwan firamare. Suka tarar cewa dokoki su kaɗai ba su sauya halin yara sosai ba. Sauyin ya zo ne lokacin da malamai suka haɗa da yabon halin da ake so, tare da kau da kai daga ƙananan fitintinu.

Mataki na biyu: malami ya fara ƙirga kansa

Kusan kowane malami yana ɗauka yana yabo fiye da yadda yake yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Zaɓi darasi ɗaya na minti 35 ko 40. Ajiye 'yar takarda a kan tebur, ka raba ta biyu, duk lokacin da ka yaba wa wani ka ja zane a dama, duk lokacin da ka tsawata ko ka ce "kai, bari" ka ja a hagu. Idan ka ga hakan zai ɗauke maka hankali, roƙi abokin aiki ko ɗalibin koyon malanta ya zauna a baya ya ƙirga maka. Yi haka kwana uku ba tare da ka sauya komai ba, don ka san inda kake.

Ma'aunin da masu horar da malamai suka saba bayarwa shi ne yabo huɗu ko biyar a kan gyara ɗaya. Ba lissafi ne da dole sai ya cika cif ba, manufa ce da ake dosa. Wanda ya tarar yana yabo biyu a kan tsawa goma sha biyar, kada ya ce gobe zai juya lissafin, bakinsa ba zai ɗauka ba, yara kuma za su gane na dole ne. Ya fara da kai su kunnen doki a makon farko.

Ga dabarar tuni: zuba ƙwayar wake goma a aljihun dama, ko a gefen tebur idan malama ce da ba ta da aljihu. Duk yabon da ka yi, ka mayar da ƙwaya ɗaya hagu. Goma a minti 35 yana nufin kusan yabo ɗaya a kowane minti uku da rabi. Idan darasi ya kai rabi kana da takwas a dama, ka san idonka ya koma kan masu fitina.

Mataki na uku: yadda ake ƙera jimlar yabo

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. "Da kyau", "madalla", "a tafa masa" duk suna da daɗin ji, amma ba sa gaya wa yaro abin da ya yi, balle sauran yara su san abin da za su kwaikwaya. Yabo mai aiki yana ɗauke da sunan yaro, da ainihin abin da ya yi, wani lokaci da amfanin abin. Kwatanta waɗannan:

"Sadiya, kin jira Bulus ya gama magana kafin ki ɗaga hannu. Shi ya sa kowa ya ji amsarsa."

"Layi na uku, kafin in juyo daga allo duk kun buɗe shafi na 24. Mu ci gaba."

"Haruna, lissafi na huɗu ya ƙi ka sau biyu, ka goge ka sake har ya fita."

Kowace jimla ba ta wuce daƙiƙa biyar ba, kuma ba ta tsayar da darasi. Ana faɗa ne ana tafiya, da murya irin ta hira, ba ta shela ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: ga yaran aji ɗaya zuwa uku, yabon ya zo cikin daƙiƙoƙi kaɗan da yin abin, don idan aka bari sai an tashi, yaron ya manta abin da ake nufi. Manyan ɗalibai suna iya jira zuwa ƙarshen darasi.

A yabi abin da yaro ya yi, ba baiwar da aka halicce shi da ita ba. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa wani bincike a kan 'yan aji biyar a Amurka. Bayan yara sun yi wani gwaji, sai aka ce da wasu lallai suna da basira, wasu kuma aka ce lallai sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin sarewa, suka fi son a ba su mai sauƙi don kada a ga gazawarsu, kuma da aka koma wa irin gwajin farko sai sakamakonsu ya ja baya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi dagewa. Saboda haka "kai gwani ne" da "ke mai ƙwaƙwalwa ce" suna ɗora wa yaro kaya. Ranar da abu ya gagare shi zai ɓoye littafinsa, ko ya kwafi na maƙwabcinsa.

Wannan ya kai mu ga wani tsoro da ke zuciyar iyaye da malamai da yawa, cewa yabo yana kumbura kan yaro ko ya jawo masa baki. Tsoron yana da tushe. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani ya zuzuta wani a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai Annabi ya ce masa da wannan zuzutawa ya riga ya yanke wuyan abokinsa. Amma a Muslim ɗin ne kuma ya zo cewa Annabi ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais yana da halaye biyu da Allah yake so: haƙuri da natsuwa. Ya ambaci halin, ya faɗi gaskiya, bai ƙara gishiri ba. Kirari da zuzutawa su ne ake gudu. Faɗa wa yaro abin da ya yi daidai kuwa karantarwa ce, kuma malamin Islamiyya da na makarantar mishan duk suna iya tsayawa a kanta.

Akwai yabon da cizo ne a ɓoye, kuma yana fita daga bakin malami ba tare da ya ankara ba. "Yau dai ka yi abin arziki, da kullum haka kake da mun huta." Rabin farko yabo, rabin ƙarshe gori, kuma gorin ne yaro zai tafi da shi gida. A tsaya a rabin farko. Haka nan "ku dubi Fatima, ku ba kwa jin kunya?" Wannan ya mayar da Fatima bulalar dukan sauran, kuma a lokacin tara ita za ta biya, don za a ware ta a sa mata sunan 'yar gaban goshin malam. Idan za a kwatanta yaro, a kwatanta shi da kansa na makon jiya.

Kada kuma a yabi abin da bai kai ba. Yaron da ya san rubutunsa ya yi muni, idan aka ce masa ya yi kyau, ya daina yarda da bakin malam. A nemo ɓangaren da ya yi daidai: "Layuka ukun farko sun zauna a kan zane, ka yi sauran haka."

Shekaru ma suna da tasiri. Ɗan aji biyu yana murna a kira sunansa a tafa masa. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare kuwa, musamman namiji mai ji da abokai, yana iya yin wata fitina da gangan bayan an yabe shi a bainar jama'a, don ya wanke kansa a idon abokansa. Irin wannan ana yaba masa ne a hankali: kalma biyu yayin da kake wucewa ta bencinsa, gyaɗa kai, ko layi ɗaya da jan biro a ƙarshen aikinsa. Malami namiji da 'yan mata da suka fara girma, yabonsa ya tsaya a kan aiki da hali, ban da kama ko sutura, kuma ya yi shi a cikin aji, ba a keɓe ba.

Mataki na huɗu: yabo ya kai ga kowa

Idan ba a yi tsari ba, yara biyar ko shida na bencin gaba su ne za su kwashe yabon duka. Maganin wannan yana cikin jerin sunaye. Kwafi sunayen aji daga rajista zuwa wani littafi daban, kada ka ɓata ta hukuma. Ja layuka goma a gaban sunayen, kowane layi rana ɗaya. A aji mai yara 80, zaɓi sunaye takwas kowace safiya, ka rubuta su a 'yar takarda. Aikinka a ranar shi ne ka kama kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin yana yin wani abu daidai, ka faɗa masa, ka yi alama. Cikin ranakun karatu goma ka zagaye aji. Kada ka bi jerin rajista daga sama zuwa ƙasa, yara za su gano, su ce yau layin wane ne. Tsinto su daga nan da can.

Bayan zagaye biyu, dubi littafin. Sunayen da ba su da alama ko ɗaya galibi ba fitinannu ba ne. Masu shiru ne, da 'yan bencin baya, da waɗanda ba su jin harshen da ake koyarwa da shi sosai. Ajin garin Kaduna yana iya haɗa Bahaushe, Bafulatani, Bagwari, Bajju, Atyap, Bayerabe da Ibo, kuma yaro yana saurin gane idan yabo yana bin ƙabila, addini ko tsadar takalmi. Ƙirga alamomin maza da na mata daban, na gaba da na baya daban. Idan sun karkata, gyara inda kake tsayawa: malamin da ba ya barin gaban allo ba zai ga abin da bencin baya ke yi ba sai sun yi ƙara. Zagaya aji aƙalla sau biyu a darasi, ko da ta hanyar tsakiya ce kaɗai.

Monita ma a sauya masa aiki. Idan za ka fita, ya rubuta sunaye biyar na waɗanda suka ci gaba da aiki, tare da abin da kowanne ya yi. A riƙa sauya monitan wannan aiki kowane mako, in ba haka ba sunayen abokansa ne za su yi ta dawowa.

Tsayawa a ƙofa da safe ana gaisawa da yara da sunansu ba ya cin fiye da minti uku, kuma nan ne wurin yabon masu makara da suka fara gyarawa. Yarinyar da sai ta ɗebo ruwa ko ta kai talla kafin ta zo, ko yaron da ke fitowa daga makarantar allo, idan ya saba zuwa ƙarfe tara yau ya zo takwas da kwata, ya yi abin a faɗa: "Zulai, yau kin samu farkon darasi." A lokacin hunturu, da sanyi ke sa aji ya zama rabi da safe, wannan ya fi tsallen kwaɗo a bakin ƙofa jawo yara da wuri.

Yaron da kamar ba shi da abin yabo

Kowane aji yana da shi. Kuskuren da ake yi shi ne jiran ranar da zai zauna lafiya daga safe har tashi, ranar da ba za ta zo ba. A rage ma'aunin zuwa inda zai iya kaiwa. Idan ba ya iya minti uku a zaune, ka same shi a minti na biyu: "Iliya, kana wurinka, ka rubuta kwanan wata." Gobe ka jira minti na huɗu. A hankali ake jan zaren.

Idan ya fara ƙaramar fitina, kamar buga benci da biro ko jefo amsa ba ɗaga hannu, kada ka dube shi. Yaba wa na kusa da shi wanda yake yin daidai. Da zarar shi ma ya ɗaga hannu, ka kira shi nan take, ka ambaci ɗaga hannun. Wannan kashi na biyu shi ne ake mantawa, kuma idan babu shi, kau da kai ya zama wulaƙanci kawai.

A shirya wa abu ɗaya: a kwanakin farko fitinar za ta ƙaru. Yaron da ya saba samun juyowar malam da bugu ɗaya, idan bai samu ba zai buga sau biyar da ƙarfi. Malamai da yawa a nan suke sarewa su ce dabarar ba ta aiki. Idan ka daka tsawa a bugu na biyar, ka koya masa cewa biyar ne sabon farashi. A daure mako ɗaya zuwa biyu. Amma kau da kai na ƙananan abubuwa ne kaɗai. Duka, zagi, cin zali, sata, ko duk abin da zai ji wa wani ciwo, ana tsayar da shi nan take a bi ƙa'idar makaranta.

Ga wanda abin nasa ya yi nisa, a yi masa katin yini. Yanki kwali kamar tafin hannu, a rubuta halaye biyu kacal, misali zama a wuri da ɗaga hannu. A raba yini uku: kafin tara, bayan tara, kafin tashi. A ƙarshen kowane kashi malami ya ba kowane hali maki 0, 1 ko 2, ya faɗa masa dalili cikin jimla ɗaya. Jimillar yini 12 ke nan. A makon farko a sa masa burin 7 ko 8, ba 12 ba. Katin tsakaninku ne, ba a karanta shi ga aji. A ƙaramar sakandare, inda malamai ke sauyawa, malamin aji ne zai ba shi katin da safe ya karɓa da rana.

Wasan layi-layi, don babban aji

Malami ɗaya ba zai iya bin yara 90 ɗaya bayan ɗaya a kowane darasi ba, don haka ake haɗa su rukuni. Asalin wannan dabara wani gwaji ne da Barrish da Saunders da Wolf suka wallafa a 1969, a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, inda aka raba aji biyu, surutu da tashi daga wuri suka ragu ƙwarai. A gwajin nasu laifi ake ƙirgawa. Mun fi son sigar da ake ƙirga daidai, don ta fi dacewa da abin da ake son idon malami ya saba da shi.

Raba aji rukuni huɗu bisa layukan benci, kowane rukuni ya zaɓi suna. A tabbata an rarraba fitinannun, kada su taru a layi ɗaya. Rubuta sunayen a kusurwar allo. Sanar da doka ɗaya ko biyu da ake wasa a kai, ka ce an fara. Wasan minti goma ne a farko, sau uku a mako, a lokacin aikin aji. Kowane minti biyu ka ɗaga kai ka duba: duk layin da kowa a cikinsa yake bin dokar ya samu maki ɗaya, ka faɗi dalili. Dubawa biyar ke nan. Duk rukunin da ya kai 4 ya ci, ko da dukkansu ne. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, don idan rukuni ɗaya ne kawai zai iya ci, sauran za su watsar da zarar sun ga an wuce su. Bayan mako biyu a daina duba a kan ƙa'idar minti biyu, a riƙa yi ba zato, a kuma tsawaita wasan zuwa minti 20.

Abu biyu ke lalata shi. Na farko, goge makin da aka riga aka bayar saboda wani laifi na baya. Abin da aka ci an ci, laifi kuma a hukunta shi daban. Na biyu, yaro ɗaya ya riƙa kayar da rukuninsa har su fara yi masa barazana a hanyar gida. Da ka ga alamar haka, ka cire shi cikin ruwan sanyi ya zama rukunin kansa na 'yan kwanaki, da burin da zai iya kaiwa.

Don burin aji gaba ɗaya, a samu gwangwani da marafan kwalbar lemo 50. Duk lokacin da aji ya yi abin kirki tare, kamar shigowa daga tara cikin minti biyu, a jefa marfi ɗaya, kowa ya ji ƙararsa. A lissafa yadda zai cika cikin mako ɗaya a karon farko, wato kimanin goma a rana. Idan ya ɗauki wata guda, ƙananan yara sun manta da shi.

Me za a bayar?

Abin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya ƙarewa: fita tara kafin kowa, minti biyar na tatsuniya ko kacici-kacici a ƙarshen darasi, zaɓen waƙar da aji zai rera, riƙe alli da dasta na yini, kaɗa ƙararrawa, jagorantar layi a taron safe. Tambayi yaran abin da suke so, za su faɗi abin da bai zo maka a rai ba. A guji alawa, biskit da kuɗi. Aljihun malami ba zai jure ba, kuma ranar da babu, aji zai ce a kan me zai yi shiru.

Akwai wani dalilin kuma. A 1973 Lepper da Greene da Nisbett suka yi gwaji da yaran nazire masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, daga baya sha'awarsu ga zanen ta ragu. Waɗanda aka ba takardar ba zato kuwa, sha'awarsu ba ta ragu ba. Don haka abin da yaro yake yi da son ransa, kada a sa masa farashi, kalma ta isa. A ajiye kyauta don halin da yake yi wa yaro wuya. Kada kuma a yi tayinta a tsakiyar fitina, irin "in ka yi shiru zan ba ka kaza", don wannan fitinar aka biya. Sharaɗi tun kafin a fara ake faɗarsa. Alkawarin da aka yi kuwa a cika shi a ranar, ko da darasi bai ƙare ba.

A kai labarin gida

Mafi yawan iyaye ba sa jin kiran makaranta sai ɗansu ya yi laifi ko ana bin kuɗi. Kira ɗaya na alheri yana sauya yadda gida ke kallon malami. Ware iyaye uku a mako, minti ɗaya kowanne: "Salamu alaikum, Maman Iliya, malamin ajinsu ne. Lafiya lau, ba laifi ya yi ba. Na kira ne in gaya miki makon nan kullum yana kawo aikin gida. Don Allah ki sa masa albarka." A fara da cewa lafiya, don gabanta ya riga ya faɗi. Inda uba ne mai wayar, a ce, "Alhaji, a taya mu yi masa addu'a, yana ƙoƙari." Inda babu waya ko katin waya, 'yar takarda mai layi biyu da Hausa ta wadatar, yaron ya karanta musu da kansa. A taron iyaye da malamai ko na kwamitin kula da makaranta, a bayyana tsarin, don kada uba ya ɗauka malam ya yi sanyi ne da ya ajiye bulala.

Rage yabo idan hali ya zauna

Sabon hali ana yaba shi kusan duk lokacin da ya bayyana. Bayan mako biyu zuwa uku, idan yawancin aji suna yinsa ba tuni, a koma sau ɗaya cikin uku, sannan jefi-jefi ba tare da yara sun san yaushe ba. Yabon da ke zuwa jefi-jefi ya fi sa hali ya daɗe, yankewa kwatsam kuwa tana mayar da aji gidan jiya. Sai a ɗauki doka ta gaba a sa mata ƙarfi. Katin yini ana janye shi idan yaro ya kai burinsa mako uku a jere: a fara barinsa ya ba kansa maki, malami ya duba, sannan a koma sau ɗaya a yini.

Bayan kowane hutu, musamman dogon hutu da na Sallah da Kirsimeti, a sake gwajin dokoki na kwana uku, a koma yawan yabo kamar farkon zango. Littafin alamomin nan kuma a adana shi: idan aka zo cike ɓangaren ɗabi'a na katin sakamako, inda ake ba da maki a kan zuwa da wuri, tsafta, ladabi da gaskiya, daga cikinsa za a ɗauko, kuma a ƙarshen shekara a miƙa shi ga malamin da zai karɓi ajin.